Taken da Na Saya wa Ƙanena

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna bai wuce elementare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da ba haka ya faru ba, in ɗauki alhakin mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sau biyu ina fara rubutun nan ina yagawa. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne idona ya fara rauni, kuma in na mutu da maganar nan a cikina, babu mai ƙara tambayar inda ƙanena ya shiga.

Mu mahauta ne, a Ƙanƙara aka haife mu. A shekarun nan na hamsin, kafin Turawa su tafi, dambe kamar sana'a ta biyu ce a gidajen mahauta. In an gama girbi an zuba dawa a rumbu, sai garuruwa su riƙa kai wa juna ziyara da kalangu. Kowane gari yana son ya samu mutum guda da ake turawa gaba, wanda in ya shiga fili sauran su ji zuciya ta zo masu. Namu ya tsufa, haƙoransa na gaba duk sun zube a fili. Sai ido ya koma kan ƙanena.

Na girme shi da shekara tara, kuma tun rasuwar mahaifinmu yana hannuna. Ni ban taɓa naɗe hannu don dambe ba. Jinin dabba na saba da shi, na mutum kuwa yana tayar mani da zuciya. Shi yana da kamar sha bakwai ya riga ya fi kowa tsawo a mayanka.

Ƙanen mahaifinmu, wanda muke kira Baba, tsohon ɗan dambe ne, shi ya karɓe shi. Da safe zai sa shi ya saɓa cinyar bijimi daga mayanka zuwa kasuwa a guje. Da yamma su shiga bayan gida, duk lokacin da yaron ya sauke hannun hagu da ake kare fuska da shi, sai Baba ya ɗirka masa naushi a baki. Na sha ganinsa yana tofar da jini a gindin turke yana dariya. Baba ya ce dogon yaro jikinsa yana riga ƙashinsa girma, don haka sai ya yi kaka uku yana karawa da sa'anninsa a ƙauyuka kafin a nuna wa manya shi.

Sarkin fawanmu bai yarda ba. Ya ce wanda bai ɗanɗani hannun manya ba ba zai taɓa koyon tsaron kansa ba, kuma yara lalata shi kawai za su yi. Maganarsa ba a banza take ba. A Mabai, a yamma guda, ƙanena ya kashe samari uku, wato ya kai su ƙasa, kamar yadda ake cewa a dambe. Na ukun sai da aka yayyafa masa ruwa, ya tashi hancinsa ya karkace yana aman jini. Babu wanda ya kai turmi na biyu, wato zagaye na biyu, a cikinsu, balle ya gwada ko hagun ƙanena tana tsaye.

A al'ada, yaro ba ya da taken kansa. Da taken maigidansa, wato mai horar da shi, yake shiga fili, kuma muddin haka ne, babba ba ya fito masa. Sai ranar da maigida ya kama hannunsa ya miƙa shi ga makaɗa ake yi masa nasa. Daga ranar an buɗe ƙofa, duk wanda ya ji kiɗan yana da ikon tashi.

Na san wannan sarai, ba zan ce ban sani ba. Amma a rumfar nama an dame ni da ba'a. Ana cewa ɗan boko ya ɓoye ƙanensa a ƙarƙashin gado, wai in saya masa zane da ɗankwali. Ran nan sai na ɗauki cinyar rago da rigata ta sallah na kai wa mai kalangu, na ce ya yi wa yaron take, ya kaɗa a Tafoki ranar da za mu je. Na gaya wa kaina ƙauye ne, babu wani babba da zai zo. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidan makaɗin don in ce ya fasa, kunya ta mayar da ni.

Bayan la'asar aka buɗe fili a Tafoki. Ƙanena yana shiga, sai kalangu ya canza murya. Baba yana tsugune yana warware zaren naɗin hannu, ya ɗago kai ya saurara, sa'annan ya juyo ya dube ni.

Daga ɓangaren mutanen Faskari wani gajere ya miƙe, mai kaurin wuya, ya haura talatin, goshinsa duk tabo. Baba ya je wurin mai raba fili ya yi ta roƙo, ya ce kuskure ne, yaro ne. Aka ce masa an riga an kaɗa, kowa ya ji. Ƙanena ya zo kusa da ni fuskarsa cike da murna.

"Yaya, kai ka saya mani?"

Baba ya kama hannunsa na dama yana naɗewa yana jan zaren da haƙori.

"In ya ja baya, kada ka bi shi," ya ce. "Ka ji ni ko? Tsaya inda kake, hagunka a sama."

A turmin farko dogon hannun nan ya yi aiki. Ya sami mutumin a gira, fata ta tsage, jini ya rufe masa ido guda. Mutanenmu suka ɗauki ihu, sarkin fawa yana ta dukan kafaɗata. A na biyu mutumin ya fara ja da baya kamar wanda ya gaji. Ƙanena ya bi shi, hagun ta sauko kamar yadda ta saba a gaban yara. Gajeren ya sunkuya ya shige ƙarƙashin hannunsa, ya ba shi ɗaya a haƙarƙari, da ya ranƙwafo ya ƙara masa a ƙasan kunne. Na san ƙarar nan, ita nake ji kullum in gatarina ya sami ƙashi a kan kututture. Ƙanena ya faɗi da fuska, ƙafafunsa suna shure-shure kamar ragon da aka yanka, jini yana fita ta kunne.

Wanda ya kashe shi ne ya fara isa gare shi. Ya tallafo kansa ya nemi ruwa, ya dubi mutanenmu ya ce, "Wa ya sa aka kaɗa wa yaron nan take?"

A kan jaki muka ɗauko shi. Da muka fita gari Baba ya tsayar da ni, ya kai mani naushi guda a baki. Gurbin haƙorin yana nan, ina taɓa shi da harshe yanzu haka.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma muƙamuƙin a karkace ya haɗe, kunnen hagu kuma ya mutu. Wajen wata biyu da karan dawa ƙanena yake zuƙar kunu. Ya warke, sai dai in ya juya da sauri jiri ya kwashe shi, ko cinyar akuya ba ya iya gudu da ita. Yaran unguwa suka koyi taken, in zai wuce sai su kaɗa masa a gwangwani. Bai taɓa ɗora mani laifi ba, wannan ya fi komai cina. Bayan damina ta gaba ya ce zai je Sabuwa sayen awaki, bai dawo ba. Na bi shi har sau biyu. Mahautan can suka ce ya yi rani guda tare da su, sa'annan ya ƙara gaba, ba su san ina ba.

Baba da sarkin fawa sun mutu kowa yana kan bakansa. Ni har yau ban san wa ya fi gaskiya ba, don wataƙila ko an jira kaka ukun, hagun nan za ta sauko. Abin da na sani shi ne ba ranarsa ba ce, kuma ni na zaɓa masa ita.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mahauta da tsofaffin 'yan dambe na wajen Sabuwa da Faskari. In kun taɓa sanin wani dogon mahauci mutumin Ƙanƙara, mai karkataccen baki, wanda ke juyo da kunnen dama in ana masa magana, ku aiko mani ta hannun mahautan kasuwarmu, sun san ni. In ya rasu, a gaya mani garin da aka binne shi, da kuma ko ya bar 'ya'ya.