Harajin Malama Zulaihat

Kafin ta buɗe ɗakin awon yara a ƙaramin asibitin Wagini, Malama Zulaihat Gambo takan zauna bakin ƙofa da wani tsohon faranti. Duk uwar da ɗanta ya zo riƙe da kwalbar lemo, sai ta miƙa kafin ta shiga. Mata suka raɗa wa abin suna harajin Malama. A farantin take tsiyaye lemon, ta ajiye gindin bedi, kafin a gama awo kiyashi ya yi masa baƙi ƙirin.

"Ga masu shi nan sun zo," takan ce.

A shekarun nan da madara ta fi ƙarfin talaka, gona kuma ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga, lemon leda ya zama abin rarrashin yaro. Da gwamnati ta sa wa lemo haraji kowa tsinuwa yake, ita kaɗai ke cewa ya yi kaɗan. Ta sha zagi, ko gezau.

Wadda ta fi ba ta wuya ita ce Inno, mahaifiyar Ɗanmaraya mahauci. Jikanta Nurain ya yi ƙibar da ko makaranta ba ya kaiwa sai ya zauna yana haki, haƙoransa kuma sun fara ruɓewa. Inno kuwa alfahari take.

"Malama, cikin wannan yunwa ki ga yaro ɓul-ɓul ki ce ciwo? Baki za ki yi mashi?"

"Inno, Allah ya ja kwana. Gara ki zage ni yau, da gobe ki riƙa jigilarsa Katsina kan ciwon suga."

Malama, ke ce aka kora daga gidan Inno, washegari kika dawo da gyaɗa da ƙullin tsamiya. Ke ce kika zauna a tabarmar Inno kina dama kunu, tana harararki, har ta gaji ta karɓi ludayin. Yanzu Nurain ƙwallo yake bugawa, sai an kamo shi da magariba.

Ranar walimar ritayarki babu kwalba ko ɗaya. Inno ce ta shigo da ƙwaryar fura, ta dire a gabanki.

"Sha, ban sa suga ba. In kina musu, kira kiyashinki."

Mu matan Wagini mun gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Farantin yana nan bakin ƙofa, kuma ba mu yarda ya bushe ba. A cikinmu wata ta zo ta ɗauki aikin karɓar harajin.