Bagobirin Faransa

Duk wanda ya san Kawu Ila ya san ba ya shan furar safe sai ya buɗe tsohon littafin nan nasa na Faransanci ya gai da hoton wani jarumi da ke ciki, wanda yake kira Barde. Shi kuwa ko baƙi ɗaya bai iya karantawa ba! Wani malami da ya yi wa aikin lambu a Maraɗi ne ya ba shi, ya haɗa masa da labarin. Wai basarake ne a Faransa, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, mai rigar ƙarfe. Ya tsare garinsa damina biyu, ya ci yaƙi a bakin kogi, daga baya aka kama shi aka haye teku da shi. Daga nan gara ta cinye sauran shafukan.

Mai zanen hoton ya ja 'yan layuka a kumatun Barde don inuwa. Kawu ya rantse tsage ne.

"Duba da kyau, ɗiyata. Wanga Bagobiri na! Ɓata yay yi."

Wata rana wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya leƙa hoton ya ce, "Wane mushe na wanga?" Can haka suke ce wa mutumin boko.

Kawu ya zabura da sanda. "Mushe? Kai ka ga gawatai?"

Da rashin tsaro ya taso mu daga Tsamaye zuwa Isa, Kawu ya bar tabarmarsa ya ɗauko littafin. Kullum da hantsi yana ƙofar gida, ido can nesa, yana rako Barde gida da baki a hankali: ga jirgin ruwa, ga ganuwa, ga geronsa ya yi kai.

Na ce, "Gero a Faransa, Kawu?"

"To mi suka ci? Ƙarhe?"

Na sha cewa bari in nemo ƙarshen labarin a waya. Sai ya ce, "Kul! Bar shi bisa hanya."

Sai da ciwo ya kwantar da shi ya miƙo mini littafin. "Duba muna. Ya koma gida?"

Na nemi sunan da ke ƙarƙashin hoton a waya, na karanta. Can ya mutu a tsare, bai sake ganin garinsa ba. Wallahi zuciyata ta karye.

Na ce, "Ya koma, Kawu."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi murmushi. "Ba ki iya ƙarya ba. Ba komi, ni za ni koma muna."

A Isa muka rufe shi. Ya Allah, bawanka ya so gida bai samu ba. Ka sauke shi a wanda ba a tashin kowa daga cikinsa. Amin.