Famfon Ƙasan Tanki

Jiya injin niƙan da Baba ya bar mana a ƙauyenmu Turawa ya tsaya cak, mata suna layi da masararsu. Da makanike ya buɗe tankin gas, sai ga baƙin yauƙi kamar miyar kukar da ta kwana, yana wari. Warin nan ne ya dawo min da Baba.

Duk safiyar Asabar, kafin ya tada injin, yakan tsuguna ya kwance ɗan famfon da ke ƙasan tanki, ya tsiyayi mai a farar kwalba, ya ɗaga ta saitin rana. Ruwa a ƙasa, mai a sama, tsakaninsu wani siririn duhu.

Na taɓa ce masa, "Baba, ai datti ne kawai."

Ya ce, "Datti yana haihuwa? Wannan rai gare shi. Ruwa yake sha, mai yake ci. Zubar da ruwan, ƙishirwa ta kashe shi."

Ni da Yaya muka yi dariya.

Bayan rasuwarsa famfon ya fara ɗiga, Yaya ya sa aka toshe shi da walda. Ina tsaye ina kallo. Shekara biyu abin yana haihuwa a ciki. Yanzu Yaya sai zagin masu sayar da gas yake yi, kamar bai san wanda ya toshe famfon ba. Haushinsa nake ji, amma na fi jin haushin kaina, domin kwalbar tana ɗakina.

Gobe za a fasa waldar. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana dariyar nan.