Shekarar da Ɗan Farina Ya Faɗo Ajina

A gidanmu ba mai faɗin sunan ɗana na fari. Ni ba na faɗi don ɗan fari ne, kuma inda na tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko kallonsa ma sai ta wutsiyar ido. Ubansa ba ya faɗi don sunan mahaifinsa ne aka sa wa yaron. Surukata Inna, wadda ta karɓe shi tun ranar yaye, ba ta faɗi don sunan marigayi mijinta ne, ita Maigida take ce masa. An yanka rago sukutum an raɗa suna, sannan gida duka ya haɗa baki ya jingine shi. Yaro ya tashi da Maigida, da Baba, da "kai", kuma bai rame ba.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a wani ƙauye kan tudun duwatsu, can wajen Tabotaki. Mu uku ne muke koyarwa. Shekarar da yaron nan ya shiga aji na biyu, inda ake kama karatu sosai, sai aka ɗauke malamin ajin aka kai shi wajen Keita, aka aiko wata yarinya sabuwar fita. Na sami dirakta, shugabanmu, na ce masa ya yi wa Allah kada ya ba ni ajin.

"Madam, mu ukku muke," in ji shi. "Ni na riƙe masu jarabawa, waccan ko alli ba ta iya riƙo ba tukuna. Wa kike so in ba ajin ga? Akuya?"

Na karɓa. Ban damu ƙwarai ba, don na san yadda muke koyarwa tun fil azal. In rubuta a allo, in nuna da sanda, aji duka su ɗauka baki ɗaya har sai an jiyo su a bakin rijiya. A cikin wannan amo ba wanda ake kira shi kaɗai. Kiran suna na safe kuwa shugaban aji na ɗora wa, na ce horo ne nake ba shi.

Ana haka aka kira mu Buza, wai a koya mana sabon salon koyarwa. Mai horon namu wani ne mai takalmi da walƙiya da murya kamar ta rediyo. Ya ce karatun taro ya ƙare, don a cikinsa ne malalaci ke ɓuya yana motsa baki. Daga yanzu kowane yaro zai tashi shi kaɗai ya karanta, kullum, ko layi guda ne. Malami zai dube shi a ido, ya kira shi da sunansa, in ya yi daidai ya yabe shi a gaban kowa. Bulala kuma a kai ta murhu. Aka yi ta tafi. Ni ina zaune ina lissafi: a ido, da suna, da yabo. Abu uku da uwata ta hana ni, mutumin nan ya tattara su cikin numfashi ɗaya. A raina na ce, kai dai ba ka da suruka a gindin ajinka.

Ni kuwa ina da ita. Ajina rumfar kara ce kewaye da zana, irin wadda ake kafawa bayan girbi, ko atishawa ka yi a ciki sai an yi maka addu'a daga waje. Surukata a nan take soya ƙosai, ƙarƙashin iccen bedi, bayanta jingine da zanar. Ta fi ansifekta mai duba makarantu sanin abin da nake koyarwa.

Gaskiya salon ya yi aiki, ko da yake na ƙi faɗa wa kowa da wuri. Yaran da na ɗauka kurame ne sai ga su da murya. Wata ƴar ƙarama da ba ta taɓa ɗaga kai ba, da na kira ta na ce ta yi ƙoƙari, sai da ta yi kwana biyu tana murmushi. Ina bin layi ina kira ɗaya bayan ɗaya, in na zo kan nawa sai tari ya kama ni, in tsallake zuwa na gaba.

Yaron nan ba wawa ba ne, jinin kakarsa ne. Sati bai cika ba ya gane ya tsinci dami a kala. Kowa na zufa yana jiran a kira shi, shi yana miƙe da ƙafa yana sassaƙa mota da karan zanar ajina.

Na fara dabaru. Na ce, "Kai, na bakin ƙofa!" Washegari ya koma tsakiya. Na ce, "Mai jar riga!" Ya sauko da kai ya duba rigarsa, ya ce wa na kusa da shi wai ai ta koɗe, yanzu ba ja ba ce. Na nuna shi da sanda, ya waiwaya yana neman wanda ake nunawa, alhali bayansa zana ce kawai. Na daure na ce, "Maigida." Aji ya fashe da dariya, daga waje ma na ji tsohuwa ta yi gyaran murya irin ta mai cewa a bar mata mijinta. Shi kuwa ko gezau. Dirakta ya riga ya kafa doka a gaban tuta cewa ba laƙabi a lakwal, sunan takardar haihuwa kaɗai, don kada a sami ruɗani ranar jarabawa. Yaron da bai riƙe harafi biyar ba ya riƙe wannan doka tsaf.

Ya juya wajen maƙwabcinsa, da ƙarfi yadda zan ji: "Ka hwaɗa ma Madam ni ban ji an kira ni ba."

Na ce wa maƙwabcin, "Ka hwaɗa mai in na kama shi gida sai ya gane kurenai."

Ya isar da saƙo, ya dawo da amsa: "Madam, ya ce gidan Inna shika kwana."

Haka muka yi ta aike a tsakaninmu, ni da abin da na haifa, tazararmu ba ta fi taku uku ba. An ce kunyar marar kunya asara ce, to ni na yi asarar wata da watanni. Na kira ubansa a waya, yana can Madawa wajen lodin albasa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, wane yaro ke nan?" Na ce wanda ya sani. Ya ce Allah shi kyauta, mota na jiransa.

Da zafi ya shigo, dirakta ya zaga azuzuwa yana gwada yara ɗaya ɗaya. Da ya zo kan nawa, shi ba abin da ya hana shi kiran suna, ya kira, yaro ya miƙe. Aka buɗe masa littafi, sai ya kama zuba kamar ruwan kwata, har da lanƙwasa murya. Na fara jin daɗi a ɓoye. Sai dirakta ya sa yatsa kan kalma guda a tsakiyar shafi ya ce, "Wagga fa?" Shiru. Ya nuna wata, shiru. Ashe duk littafin a kunne ya ɗauke shi daga bakin ƴan'uwansa, idonsa bai san komai ba.

Dirakta ya ja ni waje ya rage murya, abin da ba shi da amfani a kusa da zana.

"Madam, in ruwa ya sauka bai iya ba, maimaita aji za shi yi. Kuma kin san garin ga. Wanda ya maimaita, ubanai ko kakatai cewa sukai lakwal ba ta karɓe shi ba, sai a miƙa mai hauya."

Ranar ban ci abincin rana ba. Haushi nake ji, amma tsoro ya fi yawa. Ɗiyan mutane sun iya karatu a hannuna, nawa na zaune gabana kullum ina tsallake shi kamar rami.

Da la'asar na sami tsohuwa tana surfen wake. Na durƙusa na gaishe ta, na kama taya ta aikin da ba ta sa ni ba.

"Inna, akwai wani yaro cikin ajina da ba ya jin karatu."

"Ɗan wa?"

"Ɗan wasu mutane na."

"Uwatai ba ta da baki?"

"Tana da shi, Inna. Sun ce sai an kira shi da sunan yanka."

Ta daɗe tana wasa da wake a hannu. Sannan ta ce, "Ni na zamna da mai sunan ga har Allah ya karɓi abinai, ban taɓa hwaɗi ba, kuma ko sau guda bai ɓata hanyar ɗakina ba." Ta tashi ta shige. Na dawo gida ba izini ba hani.

Da safe na bi layi kamar kullum. Da na zo kansa tarin ya taso, na haɗiye shi. Aji ya zuba mini ido, ana jin man ƙosai na tafasa a waje. Sai kawai tsohuwa ta ɗauki matsami ta hau dukan kasko, tana ƙwala kiran ƙosai da zafi, ga shi ba kowa a filin sai tumaki. Matar da ko ciniki a hankali take yi. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ita ta naɗe tata ta naɗe mini tawa.

Cikin wannan ƙara na dube shi a ido na faɗi sunan. A hankali ya fito, baƙo a bakina, duk da ni na yi naƙudar mai shi.

Bai tashi ba. Ya ce, "Madam, ban ji ba."

Jinina ya hau. Na taka zuwa gabansa, doka ko ba doka yau sai na ja kunnen nan. Da na matso sai na ga motar karan ta faɗi ƙasa, idonsa ya cika taf. Ba da maƙwabci ya aiko ba, ni yake kallo, kuma ya ji sarai.

Na sake faɗi da ƙarfi, har ya fi ƙarar kaskon. Ya miƙe ya riƙe littafin da hannu biyu. Na sa masa yatsa kan harafin farko, ya duba, ya duba, ya faɗi wani daban. Ban taɓa jin daɗin kuskure irin na ranar ba.

Na ce, "A'a, sake dubawa," na kira shi na uku.