Hoton da Ko-duka Ya Warware Sau Uku

A kamfanin da ke sayar da firji da injin wanki, akwai wani ɗaki a ƙarƙashin bene da ba a shiga sai da rigar sanyi. Nan Ko-duka ya yi shekara goma sha tara, tsakanin injuna masu gurnani da 'yan fitilu masu ƙiftawa, hancinsa kullum yana yoyo.

Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Kamfanin na da kwamfutoci uku a gine-gine daban-daban: ta masu karɓar oda, ta sito, da ta masu motocin kai kaya. A da kowace cin gashin kanta take yi. Wata rana ta sito ta fitar da firji, ta motoci ba ta ji labari ba, firjin ya yi wata uku a waje ruwa na dukansa, mai shi na zuwa kullum yana zazzaga masifa. Ko-duka ne ya rubuta manhajar da ta shiga tsakaninsu. Kafin a taɓa komai, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya: kin shirya? Wadda ta ce e, sai ta riƙe kayan ta tsaya cak tana jiran umarni. In duka ukun sun amsa, a zartar. In ɗaya ta ƙi, ko ta yi shiru, a warware, komai ya koma kamar ba a taɓa farawa ba.

"Ko duka, ko babu," haka yake cewa, har sunan ya bi shi.

A ofis abin ya yi kyau, ba ƙarya. Amma bawan Allah sai ya ɗauko shi ya kawo gida. Ya taɓa mayar da kujeru shago don teburin bai iso tare da su ba, iyalinsa suka yi mako biyu suna zama a ƙasa. In za a fita unguwa, yaro ɗaya ya rasa takalmi, to kowa ya sauko daga mota ya tuɓe kayansa.

"Haba maigida," in ji matarsa, "mutane fa ba firji ba ne."

"Rabin abu ba abu ba ne," ya ce, ya share hanci.

Ana nan sai likita ya ce idon mahaifiyarsa yana rufewa a hankali, kuma babu abin yi. Tsohuwa ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa: hotonta da 'ya'yanta biyar, ta kalle shi tun tana iya gani. Ko-duka shi ne babba, ya ce a bar masa, ai irin aikinsa ke nan.

Ranar farko an jera kujeru a tsakar gida, mai hoto ya kafa kyamara, sai aka riƙe ƙanwarsa malamar jinya a asibiti. Ya ce a warware. Ranar biyu motar ƙanensa direba ta lalace a hanya. A warware. Ranar uku autansu bai ɗaga waya ba, shiru kuwa a wajen Ko-duka ƙi ne. Minti goma da kwashe kujeru sai ga auta ya faɗo gidan yana haki, ashe cajinsa ne ya ƙare. Wallahi ranar da akwai mai ƙarfin hali da Ko-duka ya sha mari.

"Ɗan nan," in ji tsohuwa, "a ɗauka da waɗanda suka samu mana."

"Inna, ki yi haƙuri. Cikakke nake so in ba ki."

Da gaske yake, wannan ne abin takaicin. Yana son uwar nan kamar ransa.

Ranar huɗu kowa ya zo, kowa ya ce ya shirya. Ana gyara zama sai aka kira shi daga ofis, wani inji ya tsaya. "Kada wanda ya motsa sai na dawo," ya ce, ya fice. Tabɗi! Daga hantsi har la'asar mutane na zaune cikin kayan ado, ba su ɗauka ba, ba su tashi ba, don mai cewa a zartar ko a warware ba ya nan. Mai hoto ya gaji ya naɗe kayansa. Matar Ko-duka dai ta zaro wayarta ta ɗauka, ba ta gaya masa ba.

Sai bayan wata goma sha huɗu da roƙon tsohuwa aka dace. Hoto ya yi kyau, ba wanda ya rufe ido, ba wanda ya kalli gefe. Ko-duka ya sa aka yi masa katako da gilashi, ya rungumo shi har ɗakinta yana murmushi.

"Inna, ga shi. Duka."

Ta karɓa ta shafa gilashin da tafin hannu, sama da ƙasa. Sannan ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro wani ɗan ƙaramin hoto da gefensa ya lanƙwashe.

"Wannan matarka ta wanko min, shi na samu na gani. Na haddace shi. Ga direba nan yana hamma, ga auta a bayana. Kujerarka ce kawai babu kowa."

Ko-duka ya karɓi ƙaramin hoton, ya ƙura wa kujerarsa ido.

"A sabon nan, ina ka tsaya?" in ji ta.

Ya kama yatsanta, ya ɗora a kan fuskarsa ta cikin gilashin. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"An ce min ka yi furfura," ta ce. "Da gaske ne?"