Ni Na Biya, Hajiya Ta Danna Ƙararrawa

Tun da na sa ƙafa a London ba a taɓa cin kuɗina a banza ba. Ku je Old Kent Road ku tambaya. Akwai wani mai doya a can, da ya hango ni daga nesa yake rage farashi da kansa don kada in tsaya in buɗe baki. Baturen da ya zo gyara mana famfo a Dagenham kuwa, cinikin da na yi da shi sai da ya zauna a kan matakala ya roƙi ruwan sha. Don haka ranar da na yanke shawarar kai uwargida hutu a jirgin ruwa, irin manyan nan da za a zuba unguwarmu ta Kano a ciki har a samu filin ƙwallo, na san ba a haifi kamfanin da zai yi mini wayo ba.

Ni direban bas ne. Shekara da shekaru ina zaune a cikin ɗan akurkin gilashi ana danna mini ƙararrawa. Yaro ya danna don wasa. Mashayi ya danna, in tsaya, ya ƙi sauka. Wata ta danna bayan mun wuce tashar, sannan ta tako har gabana ta zage ni da Turancin da ko a makaranta ba a koya mana ba. Ƙarar nan har gida take bi na. Ko cokali ya bugi kofi a kicin sai ƙafata ta nemi birki.

To, bayan na yi booking na ɗakin talakawa, mai 'yar taga kamar bakin tulu, sai kamfanin suka aiko mini da saƙo. Wai idan na ƙara kuɗi za su mayar da mu sashen da suke kira concierge. Ɗaki a can sama, da baranda mai kallon teku. Layin shiga jirgi daban, wurin cin abinci daban. Duk wannan bai ɗaga mini hankali ba. Abin da ya kama ni yana can ƙasan saƙon: a gefen gado akwai maɓalli, idan ka danna, mutum zai zo ya tambaye ka me kake so.

Na karanta wurin nan har wayata ta yi zafi. Ni in danna, wani ya taso!

Sai dai kuɗin ƙarin, jama'a, na ɓarayi ne. Shi kaɗai zai kai mutum Kano ya dawo da shi, har da tsaraba. Na buga musu waya na ce su rage. Yarinyar da ta ɗauka ta ce farashin ke nan. Na ce to a cire barandar a bar mini maɓallin. Ta ce ba a rabawa. Na ce mata ni fa na sayi mota a hannun ɗan Lebanon kuma shi ya yi kuka. Ta ce ta yi mini murna, akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi? Na kashe wayar ina huci.

Na kai maganar gaban uwargida tana yanka alayyahu. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baban yara, ruwa ne fa. Ko daga sama ka leƙa shi ko daga ƙasa, ruwa za ka gani."

"Ba ruwan nake saye ba, mutunci nake saye."

"Mutuncin mako guda?"

'Yarmu, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa ras amma bakinta ya ƙi ta, ta leƙo daga falo ta ce, "Dad, it's a rip-off," wai cuta ta za su yi. Na ce ta koma ta ci gaba da danna wayar da ni na saya mata.

Na yi makonni ina juya abin. Ina tuƙi ina auna shi. In na tsaya a danja sai in ce hauka ne, mutum mai 'ya'ya a jami'a. Da an danna mini ƙararrawa sai in ce wallahi sai na biya. Ranar da wani matashi ya danna ta da gwiwar hannu tun daga gadar jirgin ƙasa har ƙarshen layi yana kallona ta madubi yana dariya, ranar na koma gida ko takalmi ban cire ba na biya. Na karɓi aikin Lahadi na wata da watanni don in cike ramin. Sun rubuta cewa ba a mayar da kuɗi. Na ce wa ya ce muku zan nema?

Ana cikin haka Hajiya ta iso.

Hajiya mahaifiyar uwargida ce. Ta zo daga Kano ganin likitan gwiwa da ganin jikoki, kuma da lissafina za ta koma kafin tafiyarmu. Sai aka yi cancel na ganin likitan, aka ɗaga shi gaba. Uwargida ta same ni a ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ba zan bar Hajiya da yaran nan ba. Taliyar leda za su yi ta ba ta. Sai dai mu tafi da ita."

Jirgin gaɓar Birtaniya kawai zai zaga, har tsibiran Scotland, don haka ko hujjar biza ban samu ba. Na sake buga waya. Ɗaki ɗaya ya rage a jirgin gaba ɗaya, a can ƙasa, ba taga ko ta leƙen ƙadangare. Na biya shi ma, ina jin zuciyata tana tafasa. Na lallashi kaina da cewa Hajiya ba ruwanta da kallon teku, ita dai a ba ta wurin shimfiɗa darduma da carbinta. Na faɗa wa uwargida haka. Ta dube ni ta ce, "To." Wannan "to" ɗin na san shi, amma na yi kamar ban ji ba.

Ku fahimce ni. Fiye da shekara ashirin ina auren 'yar matar nan, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba. A kicin ɗin Dagenham, mai faɗin tabarma ɗaya, nake durƙusawa in gaishe ta, gwiwata tana bugun injin wanki. Amma shi wanda ya zauna ya tsara wannan concierge, na rantse ba shi da suruka. Ko kuma yana da ita ya kai ta gidan tsofaffi ya manta.

Muka isa tashar jirgin a Southampton da hantsi. Na sha babbar riga, na karya hula. Zauren cike da mutane, layi ya nannaɗe kamar hanjin rago, yawancinsu tsofaffin Turawa da jakunkuna. A gefe guda kuma ga wata 'yar hanya an shimfiɗa mata jan kafet, ba kowa a kai. A bakinta wani dogon mutum ne cikin baƙar kwat da farar safar hannu, yana murmushi. Shi ne concierge ɗin. Mutumin da na yi aikin Lahadi dominsa. Ya duba takardunmu, ya ɗan rusuna, ya ce da ni "sir" da wata irin murya mai laushi da ban taɓa ji an yi mini ba.

Sannan ya duba ta Hajiya. Murmushin bai gushe ba. Ya nuna mata wancan dogon layin da tafin hannu.

Na ce masa tare muke. Ya ce ya gane, amma kafet na masu ɗakin sama ne su biyu. Na ce tsohuwa ce, ga sanda, ga gwiwa. Ya ce za a iya kawo mata keken guragu ta jira a ciki. Keken guragu! Hajiya da ko a filin jirgin sama ta ƙi hawa, ta ce ba ta mutu ba tukuna.

Hajiya ba ta jin Turanci, amma tana jin hannu. Ta gyara mayafi ta ce, "Ku je abinku, Malam. Ni na bi nan, ai ba sauri nake ba." Ta juya ta fara takawa da sandarta, ƙwas, ƙwas, ta nufi bayan wani Bature mai gajeren wando.

Uwargida kuwa kallona kawai take yi.

Na dubi kafet ɗin nan. Taku kaɗan ne. Na hango kaina ina tafe a kai, babbar riga tana kaɗawa, na wuce surukata tana tsaye a layi. Na kuma hango labarin ya riga mu isa Kano, ana faɗa a gidan suna, ana faɗa a gidan biki, har jikokina su gaji abin. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Wallahi na umarce ta, ta ƙi.

Na ce da mai farar safar hannu, cikin haƙora, ko ana iya musanya suna a ɗakunan. Fuskarsa ta washe. Ya ce ai irin wannan shi ne aikinsa. Kafin in haɗiye yawu ya daddanna na'urarsa, ya karɓe katina mai ruwan zinariya, ya miƙo mini wani fari fat kamar katin asibiti. Hidimar da ya taɓa yi mini ke nan a duniya. Ya fitar da ni daga ɗakina, cikin ladabi da gwaninta.

Saura shawo kan Hajiya, don na san ba za ta yarda ta kwana a gadon surukinta shi yana rami ba. Uwargida ta bi ta ta riƙo hannunta, ina ji da kunnena.

"Hajiya, zo mu je. Nawa da naki ne na saman, da kuɗin adashina na kama mana."

"To shi Malam fa?"

"Shi ya ce na ƙasa ya fi so. Kin san shi da kuɗi."

Me zan ce? In ce ƙarya ne, ni na biya? In yi wa surukata gori a gaban Turawa? Suka hau kafet, mutumin ya karɓi jakar Hajiya, ya ba ta hannu tana dogarawa. Ni kuma na je na tsaya a bayan mai gajeren wando.

Ɗakina, in an yarda a kira shi ɗaki, yana maƙwabtaka da injin jirgin. In na miƙe hannu biyu sai in taɓa bango da bango. Ba rana ba wata, sai agogo ya gaya maka gari ya waye. Gadon yana rawa kamar kujerar bas ɗina, har na riƙa farkawa ina laluben sitiyari. Na duba gefen gadon da kyau, har da leƙa ƙarƙashi. Maɓalli ɗaya ne, na kashe fitila.

Da safe nakan hau sama in gaishe da Hajiya. Hawa ne kamar na dutsen Dala. In tsaya a bakin ƙofa in yi sallama in durƙusa a kan kafet ɗin waje, don ba zan kutsa ɗakin da surukata take kwana ba. Ta tsakanin ƙofa nake hango barandata, da kujerata, da tekuna. Hajiya na zaune a kai an lulluɓe mata ƙafa da bargo.

Kuma ta gano maɓallin. Wayyo, ta gano shi! Matar da a gida sai an kunna mata talabijin. Ta danna a kawo ruwan zafi ta dama kunu, don da garinta ta taho. Ta danna a zo a nuna mata gabas, jirgin ya juya ta sake dannawa. Ta danna a kawo ruwan ɗumi na gasa gwiwa. Mutumin nan ya koyi cewa "sannu Mama", yana faɗa yana rusunawa. Rannan ina durƙushe ya zo wucewa da tire, ya ce in ɗan matsa. Babu "sir".

Abinci kuwa, su suna can wani ɗaki mai labule ana ɗora musu kifi a faranti mai faɗin faifai. Uwargida ta ce an yarda su gayyaci baƙo sau ɗaya, in zo. In zo in yi me? In zauna gaban Hajiya ina tauna? Na koma wurin cin abincin gama-gari, inda ake layi da tire ana ture-ture a kan dankali. A nan wata tsohuwa ta ƙura mini ido ta ce kamar ta san fuskata, ba ni ne direban bas ɗin unguwarsu ba? Ta ce kullum sai na makara.

Na samu uwargida ita kaɗai a saman jirgi, iska tana neman tsige mini hula. Na zazzage mata duk abin da ke cikina. Na ce zan kai kamfanin nan ƙara, zan rubuta wa jarida, zalunci ne a sayar wa mutum abin da ba zai iya amfani da shi ba sai ya zama marar kunya. Ta bari na gama, sannan ta ciro wani ɗan cakulan daga jaka, irin wanda ake ajiye musu a kan matashin kai, ta sa mini a tafin hannu. Na cinye shi don haushi. Yana da daɗi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

Ranar dawowa su aka fara saukewa, suka zauna a wurin hutawa suna shan shayi har layina ya kawo ni. Na loda kaya a mota, na kama hanyar London. Hajiya na baya tana jan carbi, fuskarta ta yi fes, ta ce ma gwiwar ta yi sauƙi. Ta yi ta sa wa 'yarta albarka, tana cewa Allah Ya ba ta masu yi mata. Ina cewa amin ina matse sitiyari.

Mun kusa Dagenham sai ta yi gyaran murya.

"Malam."

"Na'am, Hajiya."

"Ba shiga harkarka zan yi ba. Amma in Allah Ya sake kai ku, ka daure ka ƙara ɗan abin da za ka ƙara ka kama irin namu. Mutum yana aiki kamar kai, bai kamata ya riƙa yi wa kansa rowa haka ba."