Dattijon da Ke Auna Sirdi da Ƙugunsa

Wata uku ke nan wani tela na taka keken motsa jiki bisa umarnin likita, kullum gwiwa na ciwo. Yau idonsa na kan wani dattijo siriri mai koɗaɗɗiyar singileti. Dattijon yakan tsaya gefen keken da ke kusa da na tela, ya ɗaga sirdi daidai ƙashin ƙugunsa, ya ɗaure, sannan ya hau. Kafaɗa ba ta motsi, har murmushi yake. Ƙila a kan keke ya ci ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu. Abin na ci wa tela rai, a shekaru mutumin ya haife shi.

"Baba, ba ka gajiya ne?"

"Sirdinka ya yi ƙasa, ɗana. Ba ka auna ba?"

Tela ya dubi sirdinsa. Shekara ashirin yana auna ƙugun mutane, nasa bai taɓa faɗo masa ba.